Printf, dibaga ko wasiyyar na'ura: wanne zai kama maka faɗuwar RTOS?

Tambayar da ake yawan yi min idan hira ta biyo ta kan RTOS irin FreeRTOS ko Zephyr, wato ƙaramar manhajar da ke raba lokaci tsakanin ayyuka a cikin ƙananan na'urori, ita ce wai wace dibaga ce tafi, J-Link ko ST-Link (dibaga ita ce ɗan kayan da ake jonawa a allo don leƙa cikin shiri yana gudu), ni kuma kullum da tambaya nake amsawa, ina na'urar taka take a lokacin da take faɗuwa? Domin idan a kan teburinka take faɗuwa kana kallonta to magana daban ce, idan kuwa sai tayi kwana huɗu a cikin akwatin ƙarfe a gonar wani ko a saman tankin ruwa sannan ta mutu ta tashi, wallahi ko dibagar da tafi kowacce tsada ka saya ba abin da zata tsinana maka, baka wajen, waya bata jone, kuma kafin ka iso karen gadi, wato wancan agogon da ke sake tada na'ura idan ta maƙale, ya riga ya tada ta ya share duk wata shaida.

Ni na sha wannan wuyar. Akwai wani ɗan allo da na haɗa na sarrafa famfon sola, STM32F103 ne irin shuɗin nan da kowa ya sani, Blue Pill, RAM kilobayit 20, filash kilobayit 64, FreeRTOS a kai da tasik guda biyar, wato ayyuka biyar da ke gudu kowa da nasa. A ɗaki yayi sati biyu ko tari baiyi ba. Ana kai shi wajen aiki sai mai gonar ya fara kira, wai famfo yana tsayawa da kansa sai an jima ya dawo. Na ɗauki laftof naje, na zauna a gindin bishiya tun hantsi har la'asar, wayoyi huɗu a soke a allon, ina rufe sikirin da hula saboda hasken rana, abu yayi lakur yana aikinsa lafiya lau. Na koma gida, bayan kwana biyu ya sake. Abin da yafi ci min rai shi ne duk waɗannan faɗuwar da yayi a baya ba ko ɗaya da ya bar min alama, saboda HardFault_Handler ɗina, wato handilar da na'ura ke shiga idan ta faɗi, while(1) ne kawai, madauki mara ƙarshe, na'ura ta faɗa ciki tayi ta juyi har kare ya cije ta.

Kafin mu shiga kwatance ya kamata a fahimci me yasa abin yafi wuya a cikin RTOS fiye da shirin da yake madauki ɗaya. Kowane tasik yana da sitak nasa, wato yankin da yake ajiye kayan aikinsa na wucin gadi da adireshin komawa, duk suna zaune a RAM ɗaya ba katanga tsakaninsu, kuma kanel, wato zuciyar RTOS ɗin, yana ta karɓe sifiyu (CPU) daga wannan ya ba wancan sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Sai tasik ɗaya ya zarce iyakar sitak ɗinsa ya taka kayan maƙwabci, shi kansa ya cigaba da harkarsa, sai can da aka zo dawo da maƙwabcin bakin aiki ko aka taɓa jerin da kanel ke ajiye tasik a ciki sannan abu ya fashe. Shi yasa zaka ga mutum yana rantsuwa wai akwai kwaro, wato kuskuren kod, a kanel domin ya tarar da faɗuwar a cikin vListInsert ko a PendSV, alhali kanel ɗin shi aka zalunta. Wanda ya faɗi daban, wanda ya sa masa ƙafa daban. Duk hanyar da zaka zaɓa, ka auna ta da wannan, shin gawar kawai take nuna min ko tana iya kai ni ga wanda yayi kisan?

Printf ta UART, wato shirin ya riƙa turo saƙon rubutu ta waya zuwa kwamfuta, ita ce kowa ke fara da ita kuma ban raina ta ba, waya biyu ce da ɗan USB mai CH340 ko CP2102, ba sai ka koyi komai ba. Matsalarta lissafi ne mai sauƙi. A gudun 115200, kowane harafi bit goma yake ci, wato harafi 11,520 a daƙiƙa, layi ɗaya mai harafi 80 kusan milisakan 7 kenan. Idan bugun agogon kanel ɗinka milisakan 1 ne, kaga layin log guda ya cinye bugu bakwai idan kana jira a gama turawa, kuma wannan jinkirin kaɗai ya isa ya ɓoye kwaron tseren da kake nema, ka saka printf matsala ta ɓace, ka cire ta dawo. Sannan ita printf ɗin kanta mai cin sitak ce sosai musamman idan akwai %f a ciki, ta newlib tana iya kiran malloc a bayan fage, kuma kiranta daga cikin intaraf, wato kod ɗin da ke katse sifiyu idan wani abu ya faru, neman rigima ne. Idan ka gyara ta ka mayar da ita layin jira da wani tasik mai ƙaramin fifiko ke kwashewa, jinkirin ya tafi amma sabuwar matsala ta shigo, layukan ƙarshe, waɗanda su ne kake buƙata, suna nan a bafa, wato ma'ajiyar jiran, basu fita ba lokacin da na'ura ta faɗi. Zephyr ta san da wannan shi yasa take da LOG_PANIC wanda ke tilasta fitar da duk abin da ya rage idan an shiga babbar matsala. A FreeRTOS kai zaka rubuta naka.

To sai dibaga ta SWD, waya biyu, SWDIO da SWCLK, da ƙasa. Gaskiya idan kwaron yana maimaituwa a gabanka babu abin da ya kai ta, ba a ma haɗa su da printf. Kana tsayar da sifiyu, ka duba rijista, ka leƙa duk RAM, ka bi sawun kiran fonshon. Abin da nafi so a jikinta shi ne tarko, wato ka ce wa sifiyu duk wanda ya rubuta a wannan adireshin tsaya min nan take. A GDB, manhajar da kake ba dibaga umarni da ita, watch ce kawai ka ba ta adireshi. Cortex-M3 da M4 galibi suna da irin wannan tarkon har huɗu da birki shida na filash, wato wuraren da zaka ce a tsaya a cikin kod, M0 kuwa tarko biyu birki huɗu, kaɗan ne amma sun isa. Wannan ita ce hanya mafi gajarta daga gawa zuwa makashi, ka gano wane bayit ne ake lalatawa, ka ɗana tarko a kansa, ka jira. Akwai kuma vector_catch a OpenOCD, manhajar da ke haɗa GDB da dibaga, da zai tsayar maka da sifiyu daidai lokacin da aka shiga HardFault kafin komai ya motsa.

Amma akwai abubuwa uku da ke cizon mutane a nan. Na farko, GDB bai san da tasik ba sai ka gaya masa, idan baka saka -rtos FreeRTOS a saitin OpenOCD ba sitak ɗaya kawai zai nuna maka, kuma OpenOCD yana neman wata alama mai suna uxTopUsedPriority wadda linka, mai haɗa sassan shiri wuri ɗaya, ke iya zubarwa idan ba a riƙe ta ba, a Zephyr kuma CONFIG_DEBUG_THREAD_INFO zaka kunna. Na biyu, tsayar da sifiyu ba ya tsayar da duniya. Taima na cigaba, PWM na cigaba da tura mota, wato injin da ke juyawa da lantarki, karen gadi na cigaba da ƙirga har ya tada allon kana tsaka da dubawa, sai ka saita bitocin DBGMCU irin su DBG_IWDG_STOP a STM32. Idan kuma akwai rediyo, Bluetooth ko Wi-Fi, haɗin yana yankewa da zarar ka taka birki, a nRF52 mai SoftDevice ma baka iya cigaba bayan birki sai dai ka sake tada shi. Na ukun shi yafi zafi, ka samu na'ura a maƙale da hannunka, shaida duk tana nan a RAM, ka jona waya ka danna maɓallin kwaron nan na IDE, shi kuma aikinsa na farko ya sake zuba famwaya, wato shirin da ke cikin filash, ya tada allon. Shikenan ta tafi. Ka koyi jonawa ba tare da tada ta ba, target extended-remote :3333 sannan monitor halt, ba load ba reset. Kuma idan ka kulle filash da RDP mataki na 1 kafin ka kai kaya kasuwa, ka sani dibaga bazata karanta filash ba, buɗe shi kuma goge komai yake yi, mataki na 2 ma ba a dawowa daga shi.

Batun wacce zaka saya bazan daɗe a kai ba. ST-Link tana yi idan STM32 kaɗai kake taɓawa, Raspberry Pi Debug Probe da ta fito a 2023 a kan dala 12 tana magana da CMSIS-DAP kuma tana aiki da OpenOCD da probe-rs a kan kusan kowane Cortex-M, Black Magic Probe tana da sabar GDB a cikinta ba sai ka kunna OpenOCD ba, J-Link ta SEGGER kuma tafi su sauri da kwanciyar hankali da kayan aiki, sai dai kuɗi, kuma EDU ɗinta mai sauƙin kuɗi ba a yarda ayi aikin kasuwanci da ita ba. Idan ESP32-C3 ko S3 ne a hannunka ma ba sai ka sayi komai ba, JTAG ɗin yana cikin USB na guntun. Tsohon ESP32 kuwa ƙafafu GPIO12 zuwa 15 yake so, idan ka riga ka ba su wani aiki a allonka ka rufe wa kanka ƙofa.

Tsakanin printf da dibaga akwai RTT, kuma a ganina duk wanda yake da dibaga a hannu yana log ta UART a kan tebur yana cutar kansa. Yadda take aiki, shirinka yana kwafe saƙo ne kawai zuwa wata bafa mai zagaye a RAM, ita kuma dibagar tana karantawa ta bayan fage sifiyu na gudu, ba jira ba tsayawa, maikirosakan kaɗan maimakon milisakan bakwai. SEGGER ce ta ƙirƙiro ta amma OpenOCD da probe-rs duk suna karanta ta yanzu, kuma tana aiki har a M0 inda babu SWO, wato ƙafar fitar da saƙon sawu. Wani alfanun shi ne ko na'ura ta faɗi, layukan ƙarshe suna nan a bafa zaka iya karanta su. Iyakarta ɗaya ce da ta dibaga, sai da waya a jone.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya ji da kyau, wanda nake kira wasiyyar na'ura. Lokacin da Cortex-M zai shiga fault, shi da kansa ba tare da ka rubuta komai ba yana tura rijista takwas kan sitak, R0, R1, R2, R3, R12, LR, PC da xPSR, bayit 32, idan ana amfani da FPU kuma firam ɗin yafi haka tsawo. PC ɗin nan shi ne inda aka faɗi, LR kuma yawanci shi ne wanda ya kira. Abin da ke rikita mutane a RTOS shi ne sitak biyu ne, tasik suna kan PSP, intaraf suna kan MSP, sai ka duba bit na 2 na LR da ka tarar a bakin handila, idan 1 ne PSP, idan 0 ne MSP. Layi huɗu ko biyar ne na asambili, tst lr, #4 sannan mrs, ka miƙa adireshin ga fonshon ɗin C. Daga nan ka ɗauko CFSR a 0xE000ED28, HFSR a 0xE000ED2C, MMFAR a 0xE000ED34, BFAR a 0xE000ED38, ka ƙara da sunan tasik ɗin da ke kai daga pxCurrentTCB, da adadin bugun agogo, da kalmomi kamar talatin ko sittin daga saman sitak. Duka-duka wajen bayit ɗari uku ne.

CFSR ɗin nan magana take yi ga wanda ya iya karanta ta. INVSTATE da PC sifili, to an kira manunin fonshon da ba komai a ciki ko kuma an lalata adireshin komawa. PRECISERR tare da BFARVALID, to BFAR na riƙe da ainihin adireshin da aka taɓa, sau da yawa na'urar gefe ce da baka kunna wa agogo ba ko manuni da ya lalace. IMPRECISERR kuma mugu ne, yana nufin rubutun ya riga ya wuce ta bafa kafin bas ya ƙi shi, PC ɗin da ka samu ya ɗan gota wurin, a M3 da M4 sai ka kunna DISDEFWBUF a ACTLR na ɗan lokaci don ya koma daidai, shirin zai ɗan rage gudu. STKERR ko MSTKERR na nufin turawar kanta ta lalace, kada ka yarda da firam ɗin, ka zargi sitak. Abu biyu da ba kowa ya sani ba, raba lamba da sifili baya faɗar da Cortex-M3 sai ka kunna DIV_0_TRP, sifili kawai yake baka ya wuce, sannan karanta adireshi 0 a STM32 baya faɗuwa saboda filash ne ke leƙowa a wurin. Idan kuma M0 ko M0+ kake amfani da shi, irin na RP2040, babu CFSR gaba ɗaya, HardFault kawai da PC da LR, da su zaka yi haƙuri.

Ina za a ajiye wasiyyar? Nan ma zaɓi ne. Mafi sauƙi wani yanki na RAM da ka ware a fayil ɗin linka, .noinit, wanda kod ɗin farawa baya gogewa. Ka rubuta a ciki, ka saka lambar shaida da CRC, ka kira NVIC_SystemReset, idan na'ura ta tashi lafiya sai ta duba, in akwai wasiyya ta kwashe ta zuwa filash ko katin SD ko ta tura ta SMS. Na fi son wannan a kan rubuta filash kai tsaye daga cikin handila, domin a lokacin baka san me ya lalace ba, makullan kanel basa aiki, direban filash ɗin kansa yana iya zama cikin waɗanda aka taka, kuma idan ka sake faɗuwa a cikin HardFault sifiyu lockup yake shiga, wato ya daskare. Raunin .noinit shi ne ɗaukewar wuta tana share shi, kuma idan akwai butloda, ɗan shirin da ke fara tashi kafin naka, dole shima ya san da yankin kada ya taka. STM32F4 irin F407 yana da RAM na ajiya kilobayit 4 da batirin VBAT ke riƙewa, F103 ƙarami kuwa rijista goma ne masu bit 16, bayit 20, wanda duk da haka ya isa PC da LR da CFSR. Masu PX4, manhajar jirage marasa matuƙi da ke gudu a kan NuttX, haka suke yi, su ajiye a wannan RAM ɗin, in jirgi ya sake tashi su rubuta a katin SD. Kuma kada ka manta da dalilin tashi, RCC_CSR a STM32 ko esp_reset_reason a ESP32, domin wani lokacin ba kwaro bane sam, wuta ce ta faɗi ƙasa lokacin da mota ta ja ko modem ya fara turawa, ka kwana kana zargin kod alhali kafasita ce tayi kaɗan.

Sama da wasiyya akwai cikakken hoton ƙwaƙwalwa, coredump, inda ake ajiye sitak na duk tasik ko ma RAM gaba ɗaya, daga baya ka buɗe a GDB kamar na'urar tana gabanka. A nan ne bambancin kanel da kanel ke fitowa fili. ESP-IDF ta Espressif, wadda FreeRTOS ce da suka gyara, ita tafi kowa sauƙaƙa wa mutum, tana faɗuwa zata buga maka Guru Meditation Error da nau'in laifin irin LoadProhibited da adireshin a EXCVADDR da sawun kira, idf.py monitor kuma ya fassara lambobin zuwa sunan fayil da layi nan take. Ka kunna coredump zuwa filash a menuconfig, ka ware masa yanki na kilobayit 64, wanda ba komai bane a filash mai megabayit 4, daga baya idf.py coredump-info ya zayyano maka kowane tasik da inda ya tsaya. Zephyr, wadda Linux Foundation ta ƙaddamar a 2016, ita ma ta zo da nata, tana buga nau'in fault da adireshin da sunan zaren, wato tasik, lamba 2 a ZEPHYR FATAL ERROR na nufin sitak ya cika, 3 oops, 4 panic, kuma CONFIG_DEBUG_COREDUMP na iya turawa ta log da layuka masu fara da #CD: ko ya ajiye a yankin filash, sai coredump_gdbserver.py ya haɗa ka da GDB, kana kuma iya zaɓar ko kaɗan za a ɗauka ko duk RAM. Ka dai lura, handilarta ta asali tsayar da na'ura take yi, idan kana so ta sake tashi sai ka rubuta k_sys_fatal_error_handler naka.

FreeRTOS zalla kuwa, wadda Richard Barry ya fara a 2003 Amazon ta karɓi ragamarta a 2017, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikinta, kanel ce ƙarama da gangan, fault ba huruminta bane. Ko ka rubuta naka, ko ka ɗauko irin su CmBacktrace ko CrashCatcher, ko ka biya irin su Memfault su tattara maka daga dubban na'urori. Ban ce wannan aibi bane, a guntu mai RAM kilobayit 20 ina zaka ajiye hoton RAM ɗin ma, wasiyyar bayit ɗari uku ita ce daidai da shi. Amma idan yau kake zaɓen kanel, na'urarka zata yi nisa da kai kuma guntun yana da fili, wannan kaɗai dalili ne mai ƙarfi na karkata zuwa Zephyr ko ESP-IDF.

Batun cikar sitak ya cancanci a tsaya a kai domin shi ne ɓarawon da na fi kamawa. A FreeRTOS configCHECK_FOR_STACK_OVERFLOW yana da hanya 1 da 2, ta farko tana duba manunin sitak ne kawai lokacin sauya tasik, ta biyun tana cika sitak da 0xA5 tun farko sannan ta duba ko an taka ƙarshensa. Ka saka 2, ka rubuta vApplicationStackOverflowHook ta ajiye sunan tasik a wasiyya. Amma duka biyun sai an zo sauyi suke dubawa, ɓarna ta riga ta auku, kuma babban jeri a sitak yana iya tsallake wurin dubawar ya taka can gaba. Katangar MPU, wato sashen sifiyu mai tsaron iyakokin ƙwaƙwalwa, tafi, domin nan take sifiyu ke tsayawa a kan umarnin da yayi laifin, a Zephyr CONFIG_HW_STACK_PROTECTION ce layi ɗaya, a Cortex-M33 ma akwai rijista PSPLIM da aka yi musamman don haka. Sai dai F103C8 ba shi da MPU, kaga nan sai hanya ta 2 da uxTaskGetStackHighWaterMark. Kuma kada ka kashe configASSERT a famwayar da zata fita, ka mayar da ita mai rubuta fayil da layi a wasiyya, ita ce ke kama intaraf ɗin da fifikonsa ya haura configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY yana kiran kanel, kuskuren da ke lalata jeri a ɓoye, ga shi a Cortex-M ƙaramar lamba ita ce babban fifiko, nan mutane da yawa ke zamewa.

Saura nau'i ɗaya da duk waɗannan basa kamawa, na'urar bata faɗi ba, ta dai maƙale ko ta makara. Ba fault, ba PC, kowane tasik idan ka dube shi shi kaɗai lafiyarsa lau. Misalin da kowa a wannan fannin ya sani shi ne Mars Pathfinder, wadda ta sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli 1997 tana gudu a kan VxWorks, kwanaki kaɗan ta fara sake tashi da kanta. Tasik ɗin auna yanayi mai ƙaramin fifiko ya riƙe makulli, tasik ɗin bas mai babban fifiko yana jiransa, masu matsakaicin fifiko kuma suka hana ƙaramin samun sifiyu ya saki, lokaci ya ƙure aka tada kwamfutar. Injiniyoyin JPL sun kama shi ne a kan tagwayen na'urar da ke ɗakin gwaji da rikodin sawu a kunne, sannan suka tura gyara daga nan duniya suka kunna gadon fifiko a makullin, wato mai riƙe da makulli ya ari fifikon wanda ke jiransa har ya saki. Abin da ya cece su shi ne kayan bin sawun suna cikin manhajar da ta tashi, ba a cire su ba. Irin wannan kwaron sai tarihin wa ya gudu bayan wa, SystemView ta SEGGER ko Tracealyzer ta Percepio ko TraceX na ThreadX, in ba hali kuma ka ɗaga ƙafar GPIO a traceTASK_SWITCHED_IN ka kalla da ɗan lojik analaiza mai tasha takwas da PulseView. A FreeRTOS dai ka tuna mutex yana da gadon fifiko, semafo mai biyu ba shi da shi. Don kama maƙalewa a fili kuma, ka saita taima mai babban fifiko ta buga kaɗan kafin karen gadi, ta ɗauki PC da sunan tasik ta rubuta wasiyya sannan ta bari a tada allon.

To idan ni za a tambaya, ɗalibi ko mai koyo a kan tebur, dibaga mai sauƙin kuɗi da RTT sun ishe shi, ya koyi tarko tun wuri. Mai ESP32 ya kunna coredump zuwa filash yau ɗin nan, minti biyar ne. Mai ƙaramin STM32 ko RP2040 da FreeRTOS wanda kayansa zasu bar gari, wasiyya a .noinit ita ce farko tun kafin ya rubuta tasik na biyu, dibaga ta biyo baya. Mai mota ko rediyo da ba a iya tsayarwa, RTT da rikodin sawu. Coredump cikakke kuma sai in akwai filash da hanyar ɗauko shi, kilobayit 64 ta layin 2G mai yankewa ba wasa bane, bayit ɗari uku kuwa saƙon tes kaɗan ne.

Famfon nan da na faɗa, haka na kama shi. Na saka wasiyya na mayar da allon, bayan kwanaki na koma na karanta ta UART, INVSTATE, PC a wani wuri da ba kod, sunan tasik ɗin firikwensin ruwa. Shi ba ruwansa. Maƙwabcinsa mai rubuta rahoto ne, na ba shi sitak 128, wanda a FreeRTOS zalla kalmomi ne wato bayit 512, a ESP-IDF kuwa bayit ake ƙirgawa, kuma akwai wani reshe da ke kiran snprintf da %f sai idan rijiya tayi ƙasa da ruwa ake shiga shi, abin da bai taɓa faruwa a ɗakina ba.

Lambar PC ba ta da amfani sai da fayil ɗin ELF, wanda ke fitowa idan an haɗa kod, na ainihin famwayar da ke kan na'urar, ba wanda ka sake haɗawa yau ba, layi ɗaya ka canza adireshi duk sun gota. Ka ajiye ELF na duk abin da ya fita daga hannunka, ka haɗa da -g koyaushe tunda baya ƙara ko bayit ɗaya a filash, ka saka lambar git ko build-id a cikin wasiyyar, sannan arm-none-eabi-addr2line -f -e da fayil ɗin da adireshin zai baka fonshon da layi. Kuma kafin ka rufe akwati ka gwada handilar da gangan, ka kira manuni mara komai daga cikin tasik, ka sake yi daga cikin intaraf, ka cika sitak da fonshon mai kiran kansa, ka kulle tasik biyu a kan makullan juna, duk huɗun ka tabbatar allon ya tashi ya faɗa maka sunan tasik da layin da ya dace.